Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793-1864): Rayuwarta da Matsayin Mace a Al'amuran Jama'a

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ɗauko tarihin jihadin ƙarni na 19 a ƙasar Hausa, sunayen da suke fara zuwa baki na maza ne: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, da Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, sai kuma masu tutoci irin su Ummarun Dallaje na Katsina da Malam Musa na Zazzau da Yakubu na Bauci. Dalilin haka a fili yake. Masu rubuta tarihi sun fi mayar da hankali ga gadon sarauta da fagen fama, kuma waɗannan wurare biyu a hannun maza suke. Sai dai kafa daula daban, zaunar da ita a zukatan jama'a daban. Aiki na biyu ya fi na farko tsawon lokaci, kuma a cikinsa ne Nana Asma'u ta yi fice.

Wannan babi zai kawo tarihin rayuwar wannan baiwar Allah, tare da duba yadda aka raba ayyukan jama'a tsakanin maza da mata a zamaninta, da hanyar da ta bi har ta yi tasiri a kan mulki da ilimi ba tare da ta riƙe wata sarauta ba.

2.0 Matsayin Mata a Ƙasar Hausa Kafin Jihadi

Mace a kan gadon mulki ba baƙon abu ba ne a tarihin Hausawa. Tarihin baka na Daura ya nuna cewa sarauniyoyi ne suka mulki ƙasar har zuwa kan Magajiya Daurama, wadda ta tsatsonta aka ce an sami Bawo, mahaifin waɗanda suka kafa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. Haka kuma sunan Sarauniya Amina ta Zazzau ya shahara wajen yaƙi da gina ganuwa. Bayan waɗannan, fadojin ƙasar Hausa suna da sarautun mata kamar Magajiya da Iya da Inna. A Gobir, Inna mace ce daga gidan sarauta wadda take da ƙarfin faɗa a ji a fada, kuma ita ce shugabar 'yan bori ta ƙasar.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗauka cewa dukkan mata sun ci moriyar wannan matsayi. Sarautun nan na 'yan tsiraru ne daga gidajen mulki. Talakar mace, musamman ta karkara, rayuwarta ta taƙaita ne ga noma da daka da kaɗi da ɗibar ruwa da renon 'ya'ya. Ilimin littafi kuwa, ko a gidajen malamai da yawa, na 'ya'ya maza ne. Wannan ne Shehu ya soka a littafinsa Nurul Albabi, inda ya zargi malaman da suke tara almajirai a zaure suna karantar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Tun yana yawon wa'azi ya yarda mata su halarci majalisinsa a keɓe da maza. Wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki wannan, Abdullahi kuma ya mayar masa da amsa da waƙa, yana kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. A irin wannan gida aka haifi Asma'u.

3.0 Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Degel ta ƙasar Gobir a wajejen shekarar 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, don haka bisa al'ada sunan da ya kamata a raɗa mata shi ne Husaina. Shehu bai bi wannan al'ada ba, sai ya sa mata Asma'u. Masana suna danganta wannan zaɓi da Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan ne tushen shaƙuwar da ke tsakaninta da Bello, wadda ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa.

Degel ƙauye ne na malamai, kuma karatu a cikinsa bai bar mata a baya ba. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da hadisi da tauhidi da nahawu da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta naƙalci Larabci da Fulatanci da Hausa har tana rubutu da su, tana kuma jin Buzanci. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ya kamata a lura cewa gado kaɗai ba ya bayyana al'amarinta, domin 'ya'yan malamai mata suna da yawa a ƙasar Hausa waɗanda ba a buɗe musu littafi ba. Abin da ya bambanta gidan Shehu shi ne an ɗauki karatun 'ya mace a matsayin wajibi, kamar yadda aka ɗauki na ɗa namiji.

4.0 Hijira da Shekarun Yaƙi

Ƙuruciyarta ta zo daidai da lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir. Sarki Nafata ya kafa dokokin da suka hana maza naɗa rawani, suka hana mata yafa mayafi, suka kuma taƙaita wa'azi. A zamanin ɗansa Yunfa al'amari ya ƙara tsanani, har Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A lokacin Asma'u tana da kimanin shekara 11.

Daga nan jama'a ta shiga shekarun yaƙi da ƙaura. An yi nasara a Tabkin Kwatto a 1804, aka kuma sha mummunan kashi a Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara, inda malamai da mahaddata masu yawa suka rasu. An yi fama da yunwa da cuta a kan hanya kafin a sami mazauni a Gwandu. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai a 1808. Tarihi yakan ƙirga mayaƙa, amma waɗanda suka ɗauki yara da littattafai, suka yi jinyar masu rauni, suka nemi abin da za a sa a baka a cikin fari da tsoro, mata ne. Asma'u ta ga wannan da idonta, kuma daga baya ta tsara tarihin wannan tafiya a waƙar Fulatanci mai suna Filitago, wadda ɗan'uwanta Isa ya mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye.

A wajejen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma malami. Bayan rasuwar Shehu a Sakkwato a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuma ya zama Wazirinsa. Ke nan Asma'u ta tsinci kanta a tsakiyar mulki: 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Giɗaɗo ne ya karɓi baƙuncin matafiyin nan na Birtaniya, Hugh Clapperton, a zuwansa Sakkwato a 1824. Daga baya ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci, kuma wannan muƙami ya ci gaba a zuriyarsu.

5.0 Rabon Ayyuka a Sabuwar Daula

Tsarin da masu jihadi suka kafa ya ɗora mulki da alƙalanci da limanci da jagorancin yaƙi a wuyan maza. Sarautun mata irin na da, musamman waɗanda suke da alaƙa da bori, sun rasa gurbi a fadojin da suka shiga ƙarƙashin Sakkwato, ko kuma ƙarfinsu ya ragu. Ta wannan fuska, ana iya cewa ƙofar sarauta ta ƙara tsukewa ga mace bayan jihadi. Amma akwai ƙofa guda da tsarin ya bari a buɗe, har ma ya faɗaɗa ta, wato ƙofar ilimi. A daular da ta kafu a kan hujjar littafi, mai ilimi yana da murya ko da ba shi da rawani.

Ta wannan ƙofa Asma'u ta shiga al'amuran jama'a. Ta yi aiki tare da mijinta da Bello wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da adana su. Ta yi musayar wasiƙu da waƙoƙi da malamai maza, har da wani malami baƙo daga Shinƙiɗi ta ƙasar Muritaniya. Ta rayu ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta: Bello (1817-1837), Abubakar Atiku (1837-1842), Aliyu Babba (1842-1859) da Ahmadu Atiku, wanda ya hau a 1859. A ƙarshen rayuwarta tana cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka ga Degel da Gudu, don haka maganarta a kan manufar jihadi tana da nauyin da na baya ba su iya turewa.

6.0 Rubuce-rubucenta

Ayyukanta da suka iso hannun manazarta sun kai kimanin 60, mafi yawansu waƙoƙi. Zaɓen harshe a wurinta ya danganta da waɗanda take nufi da saƙon. Larabci na malamai ne na gida da na nesa, Fulatanci na dangi da jama'ar Shehu ta kusa, Hausa kuwa da ajami ta talakawa ce, waɗanda su ne mafi rinjaye. Aikinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta da Larabci a 1820. Ana iya kasa sauran ayyukan kamar haka:

(a) Wa'azi da gargaɗi, kamar Godaben Gaskiya da Sharuɗɗan Kiyama.

(b) Madahu da sira, kamar Begore, wadda ta ƙunshi rayuwar Manzon Allah (SAW).

(c) Tarihi, kamar Filitago da waƙarta a kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya ci nasara a kan taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa.

(d) Koyarwa, kamar waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 domin sauƙaƙa wa masu koyo riƙe su.

(e) Marsiyya, wato waƙoƙin alhinin mamata.

(f) Fassara, kamar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulatanci, ita kuma ta mayar Hausa a wajejen 1831.

Biyu daga cikin waɗannan sun cancanci ƙarin bayani. Tabbat Haƙiƙa waƙa ce da take jan kunnen masu mulki da alƙalai a kan zalunci da cin hanci da danne haƙƙin talaka. Mayar da ita Hausa shekaru 14 bayan rasuwar Shehu aiki ne na siyasa, domin ya sa ma'aunin da ake auna shugabanni a bakin waɗanda ake mulka. Ta biyu ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Bello ya rubuta wani littafin nasiha da Larabci a kan salihan mata, ita kuma ta tsara shi a waƙe da Fulatanci da Hausa. A ciki ta jero iyalan gidan Annabi da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta haɗa da malamai mata na jama'ar Shehu. Manufar ita ce mace ta ji cewa malanta da waliyyantaka suna da magabata a jinsinta, kuma wasunsu maƙwabtanta ne.

Marsiyyoyinta ma abin lura ne. Ta yi wa Bello da Giɗaɗo, amma ta kuma yi wa aminiyarta A'isha, da maƙwabciyarta Halima, da wata malama mai suna Hauwa'u. Halayen da take yabo a wurin maza da mata kusan iri ɗaya ne: ilimi da haƙuri da kyauta da sulhunta mutane. Ko a marsiyyar Bello, adalcinsa da tausayinsa ga talakawa ta fi fito da su a kan bajintarsa ta yaƙi.

7.0 Tsarin 'Yantaru

Babban aikin da ya fi dawwamar da sunanta shi ne tsarin karantar da matan karkara da aka sani da 'Yantaru, wanda ya kankama tsakanin 1830 da 1840. Yaƙe-yaƙe sun tara dubban mata a ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno, cikinsu har da kamammu da waɗanda suka rasa mazajensu. Yawancinsu ba su da ilimin addini, kuma bori ne mafakarsu idan ciwo ko damuwa ta same su. Malami namiji ba shi da damar shiga gidajensu, su kuma matan aure ba su da damar barin gida su tafi birni neman karatu.

Dabarar da Asma'u ta yi ita ce zaɓo dattijuwa mai hankali da amana daga kowane ƙauye, ta karantar da ita, sannan ta naɗa ta jaji, kalmar da fatake suke amfani da ita ga jagoran ayari. Alamar naɗin ita ce malfa da jan ƙyalle da ake ɗaurawa a kanta. Irin wannan malfa ce Innar Gobir take sawa, don haka matan karkara sun san darajarta tun da daɗewa. Asma'u ta bar alamar yadda aka santa, ta sauya abin da take wakilta. Jaji takan jagoranci tawagar tsofaffin mata da 'yanmata waɗanda ba su kai aure ba zuwa gidan Asma'u, su ɗauki karatu, su koma su isar wa matan aure a cikin gidajensu. Kayan da suke kawowa na sadaka, kamar hatsi da zuma da man shanu, takan rarraba su ga mabuƙata.

Littafin karatun wannan makaranta waƙoƙinta ne. Waƙa tana da kari da amsa-amo, don haka wadda ba ta san baƙi da wasali ba tana iya haddace ta, ta rera tana kaɗi ko tana daka. Ta haka hukuncin salla da azumi da tarihin Annabi da ladubban zaman tare suka shiga ɗakunan da allo bai taɓa shiga ba. 'Yantaru ba su tsaya ga karatu ba, sukan duba marasa lafiya, su yi wa mata mamata wanka, su sasanta rigingimun gida.

8.0 Rasuwarta da Abin da Ta Bari

Allah ya yi wa Nana Asma'u rasuwa a 1864, tana da kimanin shekara 71, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819-1846) kafin ta koma gida bayan rasuwarsa, ita ta ci gaba da jagorancin 'Yantaru. Tsarin ya tsallake zuwan Turawa a 1903, ya ci gaba a ƙauyukan Sakkwato cikin ƙarni na 20. Rubuce-rubucenta da yawa sun tsira ne a ɗakin karatun Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyar Giɗaɗo. Da taimakonsa Jean Boyd ta wallafa tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. A yau akwai makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu ɗauke da sunanta a Arewacin Nijeriya, kuma wasu Musulmi a Amurka sun kafa ƙungiyar mata da sunan 'Yantaru.

Domin a gane girman aikinta, yana da kyau a kwatanta da wasu wurare. A shekarar da ta rasu, babu jami'a ko ɗaya a Ingila da take ba mace digiri. Jami'ar Landan ce ta fara a 1878, Oxford kuwa sai a 1920. A nan gida, gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe Kwalejin Katsina domin maza tun farkon shekarun 1920, makarantun mata na gwamnati kuwa ba su samu ba sai a 1930 a Kano da Katsina. A fagen siyasa, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba alhali takwarorinsu na Kudu sun jefa. Sai da irin su Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU suka sha ɗauri da duka kafin a ba su wannan dama a 1976, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da ita. Ko a Majalisar Dattawan da aka rantsar a watan Yunin 2023, mata uku ne kacal daga cikin kujeru 109.

9.0 Kammalawa

Kuskure ne a ɗora wa Nana Asma'u ra'ayoyin wani zamani da ba nata ba. Ba ta nemi sarauta ba, ba ta kuma yi jayayya da tsarin da ya ba maza mulki da alƙalanci ba. Haka nan kuskure ne a yi amfani da sunanta wajen cewa wurin mace bai wuce ɗaki da madafa ba, domin ta rubuta tarihin daula, ta ja kunnen masu mulki, ta yi mu'amalar ilimi da malamai maza, ta kuma horar da malamai mata ta tura su ƙauyuka. Abin da rayuwarta ta tabbatar shi ne bambancin ayyuka tsakanin maza da mata al'amari ne da yake sauyawa daga zamani zuwa zamani, amma bambanci wajen samun ilimi shi ne yake haifar da sauran naƙasu.

Akwai darussa uku ga mai shirin zama malami. Na farko, a koyar da mutane da harshen da suke ji. Na biyu, a fara da abin da suka sani kuma suke girmamawa, kamar yadda ta yi da malfa da waƙa. Na uku, idan ɗalibi ba shi da ikon zuwa wurin ilimi, to a nemi hanyar kai masa. Malamin da aka tura makarantar ƙauye irin Fassi ta ƙasar Kibiya, ko wata rugar da ke gefen Rano, yana iya tarar da yarinyar da talla ko shirin aure ya raba da aji. Idan ya je gaban iyayenta, hujjarsa ba baƙuwa ba ce. Ya ishe shi ya tuna musu yadda Shehu ya tarbiyyantar da tasa 'yar.

10.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bayyana matsayin mata a fadojin ƙasar Hausa kafin jihadi, tare da misalai uku.

2. Waɗanne dalilai ne suka sa Nana Asma'u ta yi rubutu da harsuna uku?

3. Me ake nufi da jaji a tsarin 'Yantaru, kuma mene ne muhimmancin malfa a naɗinta?

4. Ta yaya fassara Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa ta shafi dangantakar masu mulki da talakawa?

5. Tsara gajeren darasi ga 'yan aji huɗu na firamare wanda za a yi amfani da waƙa wajen koyar da shi.